Allon Hawan Raƙuman Ruwa: Rashin Nauyi Ko Ƙarko?

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye fartanya mu leƙa bakin teku. Akwai wani wasa da mutanen gaɓar teku suke yi, ana ce da shi hawan raƙuman ruwa. Mutum yakan kwanta rub da ciki a kan wani allo, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya yi nisa da gaɓa. Sa'ad da babban raƙumin ruwa ya taso, sai ya juya hancin allon wajen tudu, ya yi wuf ya miƙe tsaye, ruwan kuwa ya kwashe shi da gudu. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Amma wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu suna kwance a kan gora suna iyo, ya san yadda mutum yake dogara ga abin da yake ɗauke da shi a kan ruwa.

An fi yin wasan a Hawai da Kalifoniya ta Amurka, da Ostareliya, da Barazil. Ana yinsa kuma a Afirka ta Kudu da Maroko da Senegal, har ma da Tarkwa Bay a Legas. A yau ya zama sana'a, akwai masu ciyar da iyalinsu da shi. A shekarar 2021 aka yi gasarsa ta fari a wasannin Olamfik.

A cikin wannan sana'a akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masassaƙan allo da mahaya. In allo ya yi sakayau, yakan yi daɗin sarrafawa amma ba ya daɗewa. In kuwa an yi shi da ƙwari, sai ya yi nauyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙeri ran kasuwa yana jinjina fartanya biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siririya, ya san irin wannan shawara. Bari mu bi maganar daki-daki, mu ga yadda aka yi ƙwararru suka zaɓi rashin nauyi, da abin da zaɓin nan yake ci, da kuma wanda yake biya.

DAGA GUNGUME ZUWA SOSO

Mutanen tsibiran Hawai suna wannan wasa tun kafin Turawa su isa wurinsu a 1778. Allunansu na itace ne zalla. Wanda yawancin jama'a suke hawa, mai suna alaia, siriri ne, tsawonsa daga ƙafa 7 zuwa 12. Na sarakuna, mai suna olo, yakan kai wajen ƙafa 16, nauyinsa kuma ya haura kilo 60. Watau ya fi buhun takin zamani nauyi. Akwai irinsu a ajiye a gidan kayan tarihi na Bishop a birnin Honolulu, sun haura shekara 150 suna nan. Lalle wannan ƙarko ne. Amma allo mai nauyi haka ba ya juyawa da sauri. Mahayi yakan tsaya ƙyam a kansa, ya bi ruwa a miƙe ko a ɗan karkace.

Wanda ya kai wasan ga sauran duniya shi ne Duke Kahanamoku, wani mutumin Hawai gwanin iyo, wanda ya ci lambar zinariya a Olamfik na 1912. A watan Disamba na 1914 ya nuna wa mutanen Ostareliya wasan a gaɓar Freshwater kusa da birnin Sidni, a kan allon da aka sassaƙa da katako.

Tun daga lokacin ake ta neman rage nauyi. A 1926 wani Ba'amurke mai suna Tom Blake ya huda ramuka masu yawa a jikin allonsa, ya rufe su da siririn katako. Daga baya ya ƙera allo mai kogo a ciki kamar ganga. Nauyi ya ragu ƙwarai, amma sabuwar matsala ta zo, gama ruwa yakan shiga kogon, sai an buɗe wata 'yar kafa an tsiyaye shi. Shi ne kuma a 1935 ya maƙala wa wutsiyar allo wani ɗan fiffike daga ƙasa, irin na kifi, domin kada allon ya riƙa zamewa gefe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masassaƙa a Kalifoniya, irin su Bob Simmons, suka koma ga wani itace mara nauyi da ake kawowa daga ƙasar Ekwado, sunansa balsa. Suka riƙa lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilashi. Nauyin allo ya sauko wajen kilo 12 zuwa 15. Da balsa mai kyau ya yi wuyar samu, sai Hobie Alter da Gordon Clark suka fara yin allo da soso mai tauri a 1958. Allunan shekarun 1960 dogaye ne, ƙafa 9 zuwa 10, an shafe su da ƙyalle mai kauri. Da yawa daga cikinsu har yau ana hawa. Gwanintar wannan zamani ita ce mutum ya taka a hankali daga tsakiyar allo zuwa kan hancinsa, ya tsaya can cikin natsuwa.

Tsakanin 1967 da 1970 abin ya sake gaba ɗaya. Bob McTavish a Ostareliya da Dick Brewer a Hawai, tare da waɗansu, suka yi ta rage tsawon allo har ya sauko ƙasa da ƙafa 7. A wajen 1971 kuma aka fara ɗaure allo a jikin mahayi da igiya. Mu lura da wannan da kyau. A da, in mutum ya faɗi, ruwa yakan tafi da allon ya buga shi da duwatsun gaɓa, saboda haka dole a yi shi da kauri. Da igiya ta zo, wannan tsoro ya ragu, masassaƙa suka sami dama su rage ƙyalle. A 1980 Simon Anderson na Ostareliya ya fito da allo mai fikafikai uku, ya ci manyan gasa da shi a 1981. Shi ne samfurin da yawancin 'yan gasa suke hawa har yanzu.

YADDA AKE YIN ALLON YAU

Domin mu gane gardamar, sai mu san abin da yake cikin allon. Ku ɗauki karan dawa ku duba. Cikinsa totuwa ce mai laushi, yaro ma yana iya murtsuke ta da yatsa. Ƙarfin kara yana ga ɓawonsa. Totuwa aikinta ta riƙe ɓawon a buɗe kada ya lotse. Haka allon hawan ruwa yake. Abubuwa huɗu ne a jikinsa:

1. Soso mai tauri, shi ne totuwar. Masassaƙi yakan fere shi da hannu ko da inji har ya ba da siffar da ake so.

2. Wani siririn katako da ake sa wa a tsakiyar soson daga hanci zuwa wutsiya. Shi ne ƙashin bayan allo.

3. Ƙyallen da aka saƙa da zaren gilashi, wanda ake shimfiɗawa a sama da ƙasa.

4. Wani ruwan ƙaro na masana'anta da ake zubawa a kan ƙyallen. In ya bushe sai ya yi tauri, ya zama ɓawo.

Ana auna kaurin ƙyallen da nauyinsa. An fi amfani da iri biyu, mai oza 4 da mai oza 6 a kowane yadi murabba'i. Allon da ake sayarwa a kanti yawanci ana sa masa shimfiɗa biyu a sama inda ake takawa, ɗaya a ƙasa. Mai son ƙwari yakan ce a sa masa mai oza 6. Ɗan gasa kuwa sau da yawa shimfiɗa ɗaya ta oza 4 ake yi masa sama da ƙasa, sai ɗan faci a wajen wutsiya inda ƙafar baya take dannawa. Ana kuma matse ruwan ƙaron sosai kada ya yi yawa, gama kowane ƙyalle da aka ƙara yana shan nasa ƙaron, ƙaron kuwa shi ne mai nauyi.

Da haka allon ɗan gasa yakan tsaya a wajen kilo biyu da rabi, tsawonsa kusan ƙafa 6, kaurinsa bai fi inci biyu da rabi ba. Watau daga nauyin da ya fi buhun taki, an sauko zuwa nauyin zakara mai ƙiba. Girman jikinsa duka bai wuce lita 25 zuwa 30 ba, kamar jarka ɗaya ke nan.

ME YA SA ƘWARARRU SUKE SON MARA NAUYI?

Amsar tana ga yadda ake ba da maki. An kafa gasar duniya ta masu yin wasan sana'a a 1976. Ƙungiyar da take shirya ta ta ɗauki sunan WSL a 2015. A gasa, mahaya biyu ko uku sukan shiga ruwa na wajen rabin sa'a. Alƙalai biyar suna zaune suna kallo, kowa yana ba da maki har zuwa 10 a kan kowane raƙumin ruwa da aka hau. Sai a cire maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki tsaka-tsakin ukun da suka rage. Hawa biyu mafiya kyau kaɗai ake lissafa wa mutum, saboda haka iyakar abin da zai samu 20 ne.

Abin da alƙalai suke dubawa shi ne wuyar abin da mahayi ya yi, da kasadar da ya ɗauka, da sabuwar dabara, da sauri da ƙarfi, da yadda ya haɗa juyi da juyi ba tare da tsayawa ba. Babu maki ko ɗaya domin allo ya daɗe. Wannan shi ne tushen maganar duka.

Tun a shekarun 1980, mahaya irin su Martin Potter da Christian Fletcher suka fara barin ruwan gaba ɗaya. Mutum ya taho da gudu, ya hau fuskar raƙumin ruwa, ya tashi sama da allonsa, ya sauko ya ci gaba. Da fari waɗansu sun ɗauki abin wasan yara. A hankali ya zama hanyar samun babban maki, musamman in raƙuman ruwan ba su da girma. 'Yan Barazil sun yi fice a wannan. Gabriel Medina ya ci kambun duniya a 2014 da 2018 da 2021, Italo Ferreira a 2019, Filipe Toledo kuma a 2022 da 2023. Dukansu gwanayen tsalle ne, sukan juya a sama zagaye guda cur kafin su sauko.

Wani zai ce, mutum mai kilo 70 ko 75, ina ruwansa da rabin kilo a jikin allo? To, ku tuna ranar da kuka shiga fadama bayan ruwan sama, laka ta manne a takalmanku. Lakar ba ta kai kilo guda ba, amma kafin ku fita gona kun ji ta a cinya. Nauyin da yake a ƙafa ya fi wanda yake a kafaɗa gajiyarwa. Allon nan da ƙafa ake juya shi, a cikin ƙiftawar ido kuwa. Har wa yau, nauyin da yake can ƙarshen hanci da wutsiya ya fi na tsakiya hana juyi, kamar yadda doguwar taɓarya ta fi gajeriya wuyar wulwulawa.

Akwai dalili na biyu. Allo mai siririn ɓawo yakan ɗan tanƙwaru sa'ad da mahayi ya danna shi a kwana, sa'an nan ya miƙe da ƙarfi kamar baka in an saki tsirkiya. Wannan miƙewa tana cilla mahayi gaba. Mahaya sukan ce sabon allo yana da rai. Allo mai kaurin ɓawo ba ya ba su wannan.

ABIN DA RASHIN NAUYI YAKE JAWOWA

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Ga amanun siririn allo:

Na fari, lotsewa. Duk inda diddige ya danna, soson da yake ƙarƙashi yakan murtsuke, ya bar rami. Allon ɗan gasa yana iya lotsewa tun ranar da aka fara hawansa.

Na biyu, rabuwar ɓawo da soso. In lotsewa ta yi yawa, ko an bar allo cikin zafin rana ko cikin mota a rufe, sai ɓawon ya ɗago ya yi ƙumbo. Daga nan ƙarfin wurin ya tafi.

Na uku, tsagewa. Ƙaramar tsaga ta isa ruwan gishiri ya shiga. Soso ya sha ruwa, ya yi ruwan ɗorawa, ya yi nauyi. Allon da aka saya domin rashin nauyi sai ya koma ya fi mai kaurin nauyi.

Na huɗu, karyewa. Ku tanƙwara karan dawa a hankali ku gani. Ɓawon da yake cikin kwanar shi yake fara tattarewa ya lotse, sa'an nan karan ya karye. Haka allo yake yi sa'ad da mahayi ya sauko daga sama da dukan nauyinsa, ko kuwa bakin raƙumin ruwa ya rufto a kansa. Kada mu raina ruwa. Ruwan teku da zai cika akwati mai mita guda tsawo da fāɗi da zurfi ya ɗara kilo 1,000, watau buhun taki 20. Ga shi kuma allo siriri ya fi mai kauri saurin karyewa ko da ɓawonsu ɗaya ne, gama tazarar da take tsakanin ɓawon sama da na ƙasa ita take ba shi ƙarfin tsayawa.

Ko bai karye ba, ran nan da mahaya suke so yakan fita bayan an yi ta tanƙwara shi. Sai su ce allon ya mutu, su ajiye shi. Shi ya sa ɗan gasa ba ya tafiya da allo guda. Yakan tafi da jaka cike, a shekara kuwa yakan ci alluna masu yawan gaske.

Duniya ta ga misalin wannan ran 27 ga Yuli 2021, a gaɓar Tsurigasaki ta ƙasar Japan, a karawar ƙarshe ta maza a Olamfik. Guguwa ta ta da teku a ranar. Italo Ferreira yana hawa raƙumin ruwansa na fari, allonsa ya karye biyu. Lokaci yana tafiya, ba a tsayar da agogo domin allon wani ya karye. Da yake an tanadar masa wani a gaɓa, sai ya karɓa ya koma cikin ruwa. Ya ci Kanoa Igarashi na Japan da maki 15.14 da 6.60, ya ɗauki zinariya. Abin sha'awa, wannan saurayi ɗan mai sayar da kifi ne a garin Baía Formosa, da murfin akwatin soso da ubansa yake ajiye kifi a ciki ya fara koyon tsayawa a kan ruwa. Abin lura a nan shi ne allon da aka tanada a gaɓa. Ɗan gasa yana iya hawa abin da zai karye domin an riga an shirya masa madadi.

Jikin mutum ma yana biyan nasa rabo. Saukowa daga sama tana cin idon sawu da gwiwa. John John Florence na Hawai, wanda ya ci kambun duniya a 2016 da 2017, ya rasa gasa da dama a 2018 da 2019 saboda ciwon gwiwa, sai a 2024 ya sake cin kambun.

INDA NAUYI YAKE DA AMFANI

Kada mu ɗauka rashin nauyi ya fi a ko'ina. In iska tana kaɗawa, fuskar ruwa takan yi gargada kamar hanyar mota da damina ta ɓata. Allo sakayau sai ya yi ta tsalle-tsalle a kan gargadar, iska kuma ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Mai ɗan nauyi kuwa yakan yanka ya wuce.

Masu hawan manyan raƙuman ruwa sun san wannan sarai. Waɗanda suke tuƙi da hannu sukan hau dogayen alluna, ƙafa 9 zuwa 11, masu ƙyalle ninki-ninki. A 1992 Laird Hamilton da abokansa a Hawai suka fara wata dabara, watau a ja mahayi da jirgi mai inji har a saka shi cikin raƙumin ruwan da hannu ba zai iya cim masa ba. Yanzu da babur ɗin ruwa ake yin jan. Allunan da ake yin wannan da su gajeru ne, suna da maɗaurin ƙafa, har dalma akan sa musu da gangan domin su yi nauyi. A garin Nazaré na ƙasar Fotugal, ran 29 ga Oktoba 2020, wani Bajamushe mai suna Sebastian Steudtner ya hau raƙumin ruwan da aka auna tsayinsa mita 26.21, watau ƙafa 86. Ya kai doguwar giginya har ya ɗara. A irin wannan wuri, in allo ya karye ko ya yi tsalle, maganar rai ake yi. Babu mai neman sakayau a can.

NEMAN TSAKA-TSAKI

Shekara da shekaru kusan kowa da irin soso ɗaya yake aiki, mai suna foliyuretan, da ƙaro mai suna foliyesta. Kamfani guda, Clark Foam na Kalifoniya, shi yake ba da wajen kashi 90 cikin 100 na soson da masassaƙan Amurka suke amfani da shi. Ran 5 ga Disamba 2005 mai kamfanin ya rufe shi ba zato ba tsammani, yana kuka da matsin dokokin kiyaye lafiya da muhalli a kan magungunan da ake haɗa soson da su. Masassaƙa suka wayi gari ba kayan aiki. Dole ta sa da yawa suka gwada waɗansu hanyoyi.

Babbar hanyar da ta samu karɓuwa ita ce farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda muke gani cikin kwalin sabon rediyo ko firji. Ya fi na da rashin nauyi. Amma ƙaron foliyesta yakan narkar da shi, sai da wani ƙaro mai suna efoksi, wanda ya fi ƙarfi, bai kuma cika tsagewa ba. Tun da soson ba shi da nauyi, ana iya ƙara ƙyalle ba tare da allon ya yi nauyi ba. Waɗansu kuma sukan ƙara zaren kabon, wani baƙin zare mai ƙarfi, ko siririn katako a gefe.

Wannan ya taimaka, amma bai kashe gardamar ba. Allon efoksi ya fi tsada. Yana yin sama-sama a kan ruwa, in akwai iska sai ya yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. In ya tsage, farin soson yana shan ruwa da sauri. Saboda haka 'yan gasa da yawa sukan ajiye shi domin ranar ƙananan raƙuman ruwa, in teku ta yi ƙarfi su koma ga na da. Ga wani abu kuma. Duk lokacin da aka sami kayan aiki mafi ƙarfi, ɗan gasa yakan ce a rage masa ƙyalle tun da an sami ƙarfi. Sai ribar ta tafi wajen rage nauyi, ƙarko ya tsaya inda yake.

WA YAKE BIYA?

Ɗan gasa yana da masassaƙin da yake yi masa alluna kyauta ko da rangwame, gama sunansa talla ne. In allo ya ci masa gasa guda, ya biya kuɗinsa. Amma yawancin masu hawan ruwa ba 'yan gasa ba ne. Ma'aikata ne da 'yan makaranta da masunta, waɗanda suke tara ɗaruruwan daloli kafin su sayi allo guda, suna kuma so ya yi musu shekaru.

A farkon shekarun 1990 an ga abin da kwaikwayo yake jawowa. Kelly Slater na Amurka ya ci kambun duniya a 1992 yana da shekara 20, daga baya ya ci har sau 11, na ƙarshe a 2011. A farkon tashensa yana hawa alluna sirara ƙwarai, marasa fāɗi, waɗanda Al Merrick yake sassaƙa masa. Jama'a suka ruga sayen irinsu. Amma abin da ya dace da saurayi gwani mai shiga ruwa kullum bai dace da magidanci mai zuwa ran hutu kaɗai ba. Allon ba ya ɗaukarsu sosai, sai su yi ta tuƙi raƙumin ruwa yana wuce su, ga shi kuma ba ya daɗewa. An ɗauki shekaru kafin mutane su koma ga alluna masu fāɗi da kauri. Yanzu da ake zana allo da kwamfuta, akan rubuta yawan litarsa a jikinsa, domin mai saye ya gwada da nauyin jikinsa.

Ƙasa ma tana biya. Soso da ƙaro daga man fetur ake samo su, ba sa ruɓewa. Da yake an manne su da gilashi, raba su domin a sake amfani da su yana da wuya. Allon da ya karye yawanci juji yake tafiya. Wannan ya sa waɗansu suka waiwayi itace. A shekarun 2000 wani masassaƙi a Ostareliya, Tom Wegener, ya farfaɗo da alaia irin ta mutanen Hawai na da, yana sassaƙa ta da wani itace mara nauyi da ruwan gishiri bai cika ci ba.

Masassaƙi mai gaskiya, in mai saye ya zo, yakan tambaye shi nauyin jikinsa, da iyakar gwanintarsa, da irin ruwan da zai shiga, da shekarun da yake so allon ya yi masa. Sau da yawa shawarar da yake bayarwa ita ce a ƙara shimfiɗa guda ta ƙyalle. Ba ta kai rabin kilo ba, wanda ba ɗan gasa ba da ƙyar zai ji ta a ƙafarsa, amma tana ƙara wa allon kwana sosai. Dokin sukuwa da jakin kaya duka dabbobi ne masu amfani, sai dai kowa da aikinsa, kowa kuma da abin da yake ci.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Waɗanne abubuwa ne suka sa ɗan gasa yake iya hawa allon da ya san zai karye, amma mai sayen allo da kuɗin guminsa ba ya iyawa?

2. Da a ce alƙalai za su hana canja allo a tsakiyar gasa, yaya kuke gani masassaƙa za su riƙa yin allunansu?

3. A cikin kayan aikin da muka saya a 'yan shekarun nan, wanne ne muka zaɓa domin ba shi da nauyi ko domin mun gan shi a hannun wani? Damina nawa ya yi mana?